Shimfiɗar da Ta Ƙi Yin Kauri

Muna da yayye da yawa a gidanmu, amma in na ce Yaya, mutum ɗaya nake nufi. Ita ta goye ni, ita ta fara kai ni makaranta, ita kuma ta fara marina ranar da na murguɗa wa Innarmu baki a bayan idonta. Doguwa ce marar jiki, mai saurin tafiya da saurin magana. Tun muna yara ba ta da haƙurin jiran abu ya gyaru da kansa. In rediyon Baba ya yi shiru, kafin a kira mai gyara ta riga ta kwance bayansa da wuƙar kicin.

Sana'arta haɗa tabarau. Shagon yana ƙasan wani dogon bene, kantin magani a damansa, mai sayar da takalma a hagunsa. Ba ita ke gwada idon mutane ba. Likitan ido ke rubuto abin da ake so, ita kuma ta shiga ɗan ɗakin baya, ta ɗora gilashi a inji ta yanka shi daidai, ta ɗaura a ƙarfensa, ta ɗumama kunnuwan tabaran ta lanƙwasa har su zauna a fuskar mai shi. Tana da wata ɗabi'a da ta sha ba ni kunya: kuna cikin magana da baƙo, sai ta miƙa hannu ta zare masa tabarau daga fuska, ta goge da gefen mayafinta ta mayar, tana cewa, "Da wannan kake tsallaka titi?" Tsohon da ke da wurin, wanda muke ce wa Baba Mai Shago, ya ce shi ya gaji da ba mutane haƙuri.

Mijinta gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, shi ya sa na laƙaba masa Mai Sanyi, sunan kuwa ya bi shi har wurin abokansa. Ƙato ne, mai sanyin hali. Yaya sai ta yi magana goma kafin ya yi ɗaya. Auta yake kirana, kuma duk ranar da na je gidansu sai ya ce a caje jakata kafin in fita, wai cokulansu suna raguwa.

A shekarar farko ta aurensu ta samu ciki, ya kai wata huɗu ya zube. Aka yi mata wankin ciki a wani ƙaramin asibiti kusa da su. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ta, aka ce akwai saura, aka sake wankewa. Ta warke ta koma aiki. Abu ɗaya ne ya canza: al'adarta, wadda a da take kwantar da ita, ta koma ɗan ɗigo na yini guda. Har murna ta yi. "Na huta," ta ce mini, "ku da kuka ga za ku iya sai ku ci gaba." Babu wanda ya ce mata wannan alamar wani abu ce, ita ma ba ta tambaya ba.

Shekaru suka yi ta wucewa. Na yi aure, na haihu, na sake, na kuma sakewa. Kowace haihuwa Yaya ce ta farko a bakin ƙofa, da fulas na ruwan zafi da kayan jaririn da ta saya tun cikin bai fito ba. Ban taɓa ganin hawayenta a irin wannan rana ba. Sai dai na lura in ta karɓi jariri ba ta daɗewa da shi. Ta duba yatsu, ta duba kunnuwa, ta ce, "Hancin ubansa ya ɗauko, sai haƙuri," ta miƙo mini.

Sun sha magunguna iri-iri a wurare daban-daban, shiru. Sai da ta haura talatin da biyar suka je wurin masu dashe, inda ake ɗebo ƙwan mace a haɗa shi da na mijinta a waje, in ya zama ɗan tayi a mayar mata cikin mahaifa. Mai Sanyi ya sayar da motar da yake ɗaukar firij da ita ya koma ɗaukar haya. Bai taɓa tayar da zancen ba, don haka ni ma ba zan tsaya a kai ba.

Ni nake raka ta yawancin lokuta, don shi aikinsa ba ya jira. Ɗakin jiran yana hawa na biyu: kujerun roba shuɗɗa a jere, talabijin da aka kashe wa murya, bango ɗaya cike da hotunan jarirai da iyayensu suka aiko don godiya. Yaya kullum kujerar da ta ba hotunan baya take zaɓa. Likitar mace ce gajera mai furfura, muryarta ƙasa-ƙasa, sai ka matso kake jin abin da take faɗa.

Farkon abin ya zo da sauƙi har ya ruɗe mu. Aka yi mata allurai, aka ɗebi ƙwai, aka samu 'yan tayi uku masu kyau, aka daskarar da su a ajiye. A hanyar gida Mai Sanyi ya yi ta murmushi shi kaɗai, can ya ce, "Auta, kin ga ikon Allah. Shekara ashirin ina gyara firijin mutane, yau ga 'ya'yana a cikin firijin wasu. In ya lalace dai su kira ni, kyauta zan yi." Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. Na daɗe ban ji irin wannan dariyar daga bakinta ba, bayan ranar kuma na daɗe ban sake ji ba.

Ranar da aka yi mata hoton ciki don shirin dashe, Likita ta juyo mana da allon, ta nuna wani siririn farin layi a tsakiyar duhu.

"Kin ga wannan? Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa a cikinta. A kanta ɗan tayi ke kwanciya ya kama. In ba a samu ciki ba, ita ce ke zubowa a matsayin al'ada. Muna son kaurinta ya kai milimita bakwai kafin mu dasa. Taki huɗu ce da ɗan wani abu."

"Saura uku ke nan," in ji Yaya.

"Kusan haka."

"Likita, milimita uku ai shi nake gogewa a gefen gilashi kafin in sha shayin safe. Ba ni maganin kawai."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ta ko an taɓa yi mata wankin ciki, sau nawa, da yadda al'adarta ta koma bayan nan. Yaya tana ba da amsa, ni ina kallon fuskarta tana canzawa, don ta gane inda tambayoyin suka nufa kafin a faɗa mata. Wankin nan na shekarun baya ya kankare wurin ya bar tabo, kuma tabo ba ya tsiro da shimfiɗa.

Aka fara da ƙwayoyi na sinadarin mata, safe da yamma. Aka koma hoto: saura kaɗan ta kai biyar. Aka ƙara yawan ƙwayoyin, aka haɗa da wata filasta da ake mannawa a mara. Nononta ya yi tsami, kanta ya riƙa sarawa, warin sinadarin goge gilashi da ta yi shekaru tana shaƙa ya koma tayar mata da zuciya. Aka koma hoto: biyar. Likita ta ce a bari sai wata mai zuwa. Wannan kalmar, "a bari", ita ce Yaya ta fi tsana a duniya, kuma ta ji ta har ta gaji.

Matan ɗakin jiran sun san juna da lamba fiye da suna. Mace tana fitowa daga ɗakin hoto za a tambaye ta da ido, ta ɗaga yatsu. Mai takwas ta fita tana sunkuyar da kai don kada ta ɓata wa wasu rai. Akwai wata malamar makaranta mai barkwanci da ke ce wa Yaya "'yar ajinmu", don ita ma ta daɗe a biyar. Wata rana malamar ta fito da yatsu bakwai a sama, ta rungume kowa, ba mu sake ganinta a layin hoto ba. Yaya ta yi mata murna da gaske. Da muka sauko ƙasa ta tsaya a jikin bango ta ce in ba ta minti ɗaya.

Daga nan aka shiga da wata 'yar kyamara cikin mahaifar, aka yanke zaren tabon da ya manne bango da bango. Ta yi jinya, aka jira, aka sake ƙwayoyi. Biyar da rabi. Sai Likita ta rubuta wani magani ta ce a matsa shi ta ƙasa, yana buɗe hanyoyin jini. Yaya ta kai takardar kantin maganin da ke jikin shagonsu, mai kantin ya karanta, ya ɗago ya dube ta, ya sake karantawa.

"Maigida ne ya aiko ki?"

"Nawa ne."

"Ai wannan maganin ƙarfin maza ne."

"Na sani. Akwai ko in je gaba?"

Da ta ba mu labari, Mai Sanyi ya dafe kai ya ce shi ke nan, an gama da shi a layin nan, ba zai ƙara bi ta ƙofar kantin ba. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ko'ina ba. Maganin ya sa mata jiri da zafin fuska, shimfiɗar kuwa ko gezau.

Aka gwada na jini. Su ɗebi jininta a hannu, su juya shi a inji har wani ruwa rawaya ya taso sama, su zuba shi cikin mahaifa da siririn bututu. Likita ta faɗa mata gaskiya cewa wasu yana yi musu aiki, wasu ba ya yi, kuma masana ba su gama tabbatar da shi ba. Yaya ta miƙa hannu tun kafin ta rufe baki. An yi mata, an sake, an kuma sakewa. Ranar da layin ya kusa taɓa shida ta saya wa 'ya'yana alewa cike da leda. Wata na gaba ya koma biyar.

A wannan lokacin ne Yaya ta fara zama wata daban. Duk abin da wata ta ce ya taimake ta, sai ta yi. Ta bar shayi, ta bar ruwan sanyi, ta riƙa ɗora robar ruwan zafi a mara, ta riƙa kwanciya ta jingina ƙafafu da bango. Ta daina zuwa barka. Ta daina zare wa mutane tabarau. Baba Mai Shago ya ce mini yakan leƙa ɗakin baya ya tarar inji yana juyawa ba komai a kansa, ita tana tsaye tana kallon bango. Innarmu ta ce mata ta sassauta wa kanta, haihuwa ta Allah ce. Yaya ta ce, "Inna, na sani. Amma uku suna can suna jirana, ni ce na kasa gyara musu wuri." Inna ta tashi ta shiga ɗaki.

Abin da ba mu sani ba shi ne ta fara ninka ƙwayoyin da kanta. Wata mata da ta gama nata ta ba ta ragowar, ta haɗa da nata tana sha, filastar ma biyu take mannawa. A tunaninta in kaɗan ya kai ta biyar, mai yawa zai kai ta bakwai.

Wata ranar aiki da hantsi Baba Mai Shago ya kira ni a waya. "'Yata, zo ki ɗauki yayarki. Tun jiya a ƙafa ɗaya take tsayuwa, ta ce ba komai, ni kuma ban yarda ba." Na same ta a ɗakin baya ta dafa teburi. Na ɗaga zanenta, ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa ta kumbura ta yi ja, zafi kamar an ɗora ta a wuta.

"Jibi ne hoto," ta ce. "Ki bari a yi hoton tukuna."

Ban saurare ta ba. A asibiti aka ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, kuma da gudan ya ɓalle ya haura huhu, da wani zancen ake yi. Likita ta zo har gadon da aka kwantar da ita, ta ja kujera ta zauna.

"Guda nawa kike sha?"

Yaya ta faɗa. Sai Likita ta ce:

"Ba zan yi miki faɗa ba, don na san abin da ya kai ki. Amma ƙwayar nan kin gama shan ta har abada. Za ki yi watanni kina shan maganin tsinka jini. Bayan nan mu ga abin da jikinki zai yi da kansa."

"Da magani ma bai yi ba, Likita. Da kansa me zai yi?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Yaya ta juya fuska bango. A ranar na fara ganin kukanta, wani irin kuka marar sauti, sai kafaɗu ke motsi.

Bayan an sallame ta ne na yi maganar da ta raba mu. Ina zaune a bakin gadonta ina shafa mata mai a ƙafa, na ce, "Yaya, ni fa tawa mahaifar lafiyarta lau. In ana yi, a sa mini 'yan tayin in ɗaukar miki." Ban yi shawara da mijina ba, ban tambayi ko ya halatta ba, ban ma san ko asibitin suna yi ba. Tausayi ne kawai ya turo maganar. Ta janye ƙafarta a hankali.

"Har ke ma kin yanke mini hukunci."

"Ba haka nake nufi ba, Yaya."

"Kin haifi uku ina tsaye a bakin ƙofa. Yanzu nawa ma ke za ki haifa, in sake tsayawa a bakin ƙofa da fulas. Tashi ki tafi gida, yara suna jiranki."

Ta daina ɗaukar wayata. In na je gidan ta gaishe ni kamar baƙuwa ta shige ɗaki. Haka muka yi watanni.

Wata rana da la'asar Mai Sanyi ya zo gidana da jakar kayan aikinsa, wai ya zo duba firij. Firijina lafiyarsa ƙalau. Ya ja shi daga bango, ya durƙusa a bayansa yana goge ƙura, daga can yake magana, ba ya kallona.

"Na ce wa yayarki mu haƙura. Na ce ni ita na aura, ba mahaifarta ba. Ta ce in na gaji in faɗa mata kai tsaye. Auta, ni ban gaji ba. Tsoro nake ji. Ranar nan da na ga ƙafarta, na ce a raina a kan abin da ban taɓa gani da idona ba zan rasa wadda nake gani." Ya ci gaba da goge-goge. "In na ce a bari, na kashe ta. In na ce a ci gaba, ban san me zai faru ba. Ke me kika gani?"

Ban ga komai ba, haka na faɗa masa. Ya mayar da firijin wurinsa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Da ta gama maganin tsinka jini, aka riƙa bin watanninta ba tare da ƙwaya ba, a yi hoto a ga abin da jikin ya yi. Wani wata huɗu, wani wata biyar. Can wani wata ya kai shida. Likita ta ce ba ta jin za su ga abin da ya fi haka, kuma akwai matan da ciki ya kama a shida, ko da yake ba su da yawa. Ta ce shawara tasu ce. Aka dasa na farko, bai kama ba. Bayan wasu watanni aka sake samun shida, aka dasa na biyu. Gwaji ya nuna ciki. Mai Sanyi ne ya faɗa mini a waya, yana raɗa kamar wani zai ƙwace. Kafin a kai ga jin bugun zuciya, jini ya zo. Duk wannan daga bakinsa na ji, don har lokacin Yaya ba ta yi mini magana.

Saura ɗaya. Ita da ba ta iya jiran ruwa ya tafasa, sai ga shi ta ƙi komawa asibiti. Aka kira ta, ta ce ba ta shirya ba. Kusan shekara ta yi a haka.

Rannan da safe ina shanya kayan yara na ji sallamarta. Ta rame, ta yi duhu. Ta karɓi kwandon daga hannuna ta ci gaba da shanyar kamar jiya muka rabu, har da faɗan cewa ban iya matse kaya ba. Sai da kwandon ya ƙare ta yi magana.

"Kin san abin da ya hana ni komawa asibiti? Muddin na ƙarshen yana can, ina da ɗa. Ban gan shi ba, amma ina da shi. In aka sa mini shi ya tafi, shi ke nan, ba ni da kowa, kuma ni na kashe su duka ukun."

"Ba ke kika kashe su ba, Yaya."

"Na sani a kaina. Zuciyata ce ba ta sani ba." Ta share fuska da bayan hannu. "Jiya na je hoto. Shida ne da ɗan ɗigo. Likita ta ce shekaruna ba sa jirana. Za ki raka ni? Ba na son maigidana ya gan ni in abin ya ƙi."

Maganar da na yi mata a bakin gado ba ta tayar ba, ni ma ban tayar ba, har yau.

Dashen kansa bai ɗauki lokaci ba. Ta kwanta, na riƙe hannunta, Likita ta nuna mana wani ɗan farin ɗigo a allo ta ce ga shi nan ya shiga. Yaya ta rufe ido ta ƙi kallo.

Ya kama. Amma in na ce mun yi murna na yi ƙarya. Saboda abin da ya faru da ƙafarta, kullum sai ta yi wa kanta allurar tsinka jini a fatar ciki, har wurin ya zama tabo-tabo baƙi. Ba ta sayi ko safar jariri ba, ta kuma hana kowa saya. Duk shiga banɗaki da faɗuwar gaba take yi. Ta bar aiki, Baba Mai Shago ya ce kujerarta tana nan. A wata na biyar hoto ya nuna wata sabuwar matsala: da yake shimfiɗar ba ta da kauri, mabiyiya ta wuce ta ta kafe a naman mahaifar, ba za ta fita da kanta bayan haihuwa ba. Likitan haihuwa ya ce sai tiyata, kuma su shirya, wataƙila a cire mahaifar gaba ɗaya. Yaya ta ce, "A cire. In dai an fito da abin da ke ciki da rai, ku yi yadda kuka ga dama da ita."

Ba a kai ranar da aka sa ba. Cikin wata na bakwai, tana zaune tana karyawa, jini ya ɓalle. Mai Sanyi ya ɗauke ta cak ya sauko da ita daga bene, wani maƙwabci ya kai su a mota. Da na iso an riga an shiga da ita. Na samu Mai Sanyi a tsaye a baranda, gaban rigarsa duk jini, an ɗebi nasa jinin ma don a ƙara mata. Na ce ya zauna, ya ce in ya zauna ba zai iya tashi ba. Wata nas ta wuce da gudu da wani abu a naɗe cikin tawul, ba mu ma san 'yarsu ce ba sai daga baya. Muka yi ta tsayuwa har rana ta karkata, sannan likitan ya fito ya ce sun cire mahaifar, jinin ya tsaya, tana da rai.

Yarinyar ta yi makonni a kwalba, da bututu a hanci, cinyarta ba ta fi babban yatsan ubanta ba. Ranar da aka tura Yaya a keke ta je ganinta, ta daɗe tana kallo ta gilashi, sannan ta tambayi nas, "Za ta rayu?" Nas ta ce ana sa rai. Yaya ta ce a mayar da ita gado. Sai da aka sallame su suka kwana biyu a gida, sannan ta yarda aka sayo gadon jariri.

Yanzu yarinyar tana gudu. Ƙarama ce a kan sa'o'inta, kuma ƙirjinta ba ya son sanyi, tari kaɗan sai asibiti. Yaya ta koma shago, ƙafar hagun tana kumbura in ta daɗe a tsaye, don haka a zaune take yankan gilashi.

Labarinta ya bazu, mata sukan zo shagon ba don tabarau ba. Kwanan baya ina wurin wata matashiya ta shigo, ta yi ta juya tabarau a hannu, can ta matso ta ce an ce mata ita ma tata shimfiɗar ba ta kauri, don Allah wane magani ne ya yi wa Yaya aiki. Yaya ta kashe inji, ta jawo mata kujera.

"Ƙanwata, wallahi ban sani ba. Na sha wanda aka ba ni, na sha wanda ba a ba ni ba har ya kusa kai ni kabari, wannan kam kada ki yi. Na san wasu da suka fi ni bin doka, suka tashi ba komai. Ba zan ce miki ki ci gaba ba, ba kuma zan ce ki bari ba. Wa ke raka ki asibitin?"

Matar ta ce ita kaɗai take zuwa, ba ta faɗa wa kowa a gida ba.

"To wannan ne za mu gyara," in ji Yaya. "Yaushe ne hotonki na gaba?"